Basilla

Ranar da basilla ta soki yatsan Baba Mutari
bai ce wash ba.
Jini ne ya ba shi labari,
da ya ɗiga a kan jar fata ya ɓata ɗinki.
Ni ina bakin zaure, a Birni,
jarrabawar makarantar lafiya saura kwana tara,
littafina a buɗe a kan jijiya.

Malam Kyari ya zana mana ita a allo.
Ƙwaya guda, ido ba ya kama ta,
kai gare ta kamar kuka da rani,
rassa ta ko'ina, duk kunnuwa ne,
sai wutsiya ɗaya, doguwa,
wata tun daga ƙugu har babban yatsan ƙafa.
Ya ce da wutsiyar take magana.
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce kuma ba sa taɓa juna.
Tsakanin wannan da waccan akwai ɗan rata,
gashi ya fi shi kauri sau dubu.
Nan saƙo ke zama ɗigo, ya tsallaka,
kamar yadda muke yi in famfo ya ɗauke:
Zuwera ta miƙo bokiti ta kan katanga,
in karɓa, ban ga fuskarta ba.

Laka kam na san ta tun kafin boko,
farar igiyar nan da mahautan Kasuwar Dole
ke zarowa daga gadon bayan rago.
Ita da ƙwaƙwalwa su ne cikin gari.
Sauran duk hanyoyi ne,
ta Magarya, ta Tanut, ta Mirya,
wata na shigo da labari, wata na fita da umarni.
Ka taka garwashi, laka ce ke ɗage ƙafa,
ba ta jiran izinin sama.
Akwai kuma masu aikin dare,
zuciya, hanji, gumi,
ba su taɓa tambayar ka ba.

A shafi na gaba na tarar da waɗanda ba sa kai saƙo.
Su ke ciyarwa, su ke shara,
su ke naɗe wutsiya da kitse, gaɓa-gaɓa,
yadda Baba ke naɗe ƙotar wuƙa,
don saƙo ya riƙa tsalle, kada ya ja ciki.
Na rubuta a gefen takarda: Gwaggo Barira.
Shekara talatin tana murza zare,
ba a taɓa sa sunanta a jikin jaka ba.

Bayan magariba na tsinci gashin zabo.
Na ce, rufe ido, Baba.
Gwiwar hannu. Na ji.
Wuyan hannu. Na ji.
Tafi. Ya ɗan jima. Kamar.
Na ɗaga gashin sama, ban taɓa komai ba,
ya ce, na ji, ƴar nan, na ji sarai.

Sai na tuna abin da Malam ya faɗa yana share allo:
mai dogon zango shi ke fara gajiya.
Na cire masa takalmi.
Ƙaya na zaune a dugadugi, ta yi baƙi,
Allah kaɗai ya san tun yaushe take baƙunci.
Na ƙirga shayin da yake sha, da sukarin,
da fitowarsa biyar kowane dare.

Litinin za mu asibiti.
Ya ce sai ya gama jakar mutumin Agadas.
Na matso masa da fitila,
yanzu ido ke yi wa yatsa aiki.

Can cikin dare na leƙa.
Yana barci, hannun na bisa ƙirji,
yana soka, yana ja, yana soka,
ba fata, ba zare.
Hanya ce ta lalace.
Cikin gari ba a manta ɗinkin ba.